Mujiyar Maamobi da Auren Abba

Tun da na dawo daga Ankara ban huta da tambaya ba. Ranar Asabar a Islamiyya sai da malama ta buga tebur, domin matan ajinmu sun ajiye hadda sun kewaye ni. Masu zuwa gida sayen turaren wuta kuwa, wadda ta zo karɓar kwalba ɗaya sai ta gyara zama har la'asar. Wata cewa ta yi ashe har Turkiyya na je. Na ce a'a, Ankarar Gana, wadda 'yan boko ke kira Akra. Kowa da abin da take son ji, amma yawanci tambayar ɗaya ce: wai da gaske ne na hau tsani na leƙa gidan mujiya? Da gaske ne. Bari dai in ɗauko zancen daga tushe, kowa ta ji, bakina ya huta.

Abba shi ne babba a ɗakina. Sunan kakansa Yusufu aka sa masa, shi ya sa muke ce masa Abba. Likitancin dabbobi ya karanta, kuma bayan rasuwar mahaifinsu ya sami tallafin ƙaro karatu a wata jami'a a Gana. Ya kama ɗaki a Nima, unguwar Musulmi, don ya riƙa jin kiran salla, ya kuma sami abincin da cikinsa ya sani. Da azumin bara ya bugo waya yana ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe dai ya ce ya ga yarinya, sunanta Rahinatu, ma'aikaciyar jinya ce. Na yi murna, na fara tanadi a ɓoye.

Ana nan sai wani ɗan unguwarmu mai kai takalman fata can ya dawo, ya zarce wurin ƙanin mijina, Alhaji Sabo, da labari mara daɗi. Wai dangin yarinya sun ja baya. Wai unguwa ta ɗauka Abba ya shiga sakawa, wato damfarar da samari ke yi ta intanet suna haɗawa da tsafi. An sha ganinsa da sassafe yana saukowa daga wani rufi da mujiya ke kwana, da baƙar leda a hannu. Wata mata kuma ta buɗe kularsa ta ga matattun ɓeraye a jere cikin ƙanƙara. Har mai gidan da yake haya ya ce ya nemi wani wuri. Na kira Abba, ya yi dariya ya ce karatunsa ne kawai. Amma ni na san dariyarsa tun ba shi da haƙori, wannan ba ta kai ciki ba.

Alhaji Sabo ya ce zai je a matsayin uba. Na ce ƙafarsa ƙafata. Ya ce, matar Yaya, yaushe mata suka fara zuwa neman aure? Na ce ni ba nema zan je yi ba, gani zan je yi. Da ya ga ba zan tanƙwaru ba sai ya tafi Mariri ya sayo goro mai kyau, aka naɗe masa a ganye da algarara. Na ce masa tun zamanin kakanni daga Gwanja ake kawo goro Kano, shi ne zai fara mayar da shi? Ya ce shi ba ya shiga gidan surukai da goron da bai san asalinsa ba.

Daga Sabon Gari muka hau doguwar mota zuwa Legas. Ba zan ɓoye muku ba, kafin Lakwaja ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Wani mai tallar magani ya tsaya a tsakiyar mota yana rantsuwa cewa garinsa ɗaya na maganin basir da hawan jini da mantuwa, da ya sauka kuma ya manta jakarsa, sai da yaron mota ya bi shi da ita. Muka sauka a Agege wurin 'yar gwaggona, ta gasa mini ƙafa da ruwan zafi, washegari muka kama hanyar iyaka.

A Seme aka fara. Aka ce kowa ya fito da fasfo da katin rigakafi mai ruwan ɗorawa. Nawa na ɗaure a bakin zani tun daga gida. Alhaji ya laluba aljihun gaba, ya laluba na gefe, ya zazzage jaka har goro ya leƙo, sannan ya tuna katin na cikin aljihun rigar da ya ba wanki. Babu yadda za a yi sai an yi masa allura a nan take. Mutumin da ya tsufa yana tuƙa tirela tsakanin Kano da Fatakwal, ga shi ya runtse ido yana karanto duk addu'ar da ya sani, ma'aikaciyar tana ce masa Baba ai an gama tun ɗazu. Har muka shiga Kwatano yana riƙe da dantse kamar wanda aka harba.

Kwatano garin babura ne, sun fi na Kano lokacin da ake acaɓa, kuma mata ma da kansu suke tuƙawa, da jariri a baya da kwando a gaba. Kusa da ni a mota akwai wata 'yar Togo mai fataucin atamfa, ƙatuwa, mai fara'a. Ba ta jin Hausa, ba na jin Faransanci, amma na ba ta dabino ta ba ni soyayyar ayaba, muka yi ta hira da hannu. Ita ta taɓa ni ta nuna mini teku a Lome, ruwa har inda ido ya ƙare, na yi tasbihi. Ita kuma ta riƙe mini hannu a iyakar Aflawo, inda ake sauka a tsallaka da ƙafa cikin turmutsutsu da masu canji da masu dako. A can wata jami'a ta buɗe jakata ta ga kwalaben humra, ta girgiza ɗaya tana tambaya wane irin abin sha ne. Wani ɗan canji, mutumin Maraɗi, ya yi mata bayani. Ta ɗiga a bayan hannu, ta shinshina, ta lumshe ido, sannan ta rufe mini jakar da kanta.

Daga nan hanya ta yi kyau. A bakin wata babbar gada mata suka yanyame motar da burodi da wani abu a tsinke. Alhaji ya ɗauka tsire ne ya saya, ashe naman kumbar ruwa ne. Ya tambaye ni ko ya halatta, na ce abin da ya fito daga ruwa dai ai ba a yi masa tambaya. Ya yi ta tauna guda ɗaya har muka hango gari.

Tashar da muka sauka sunanta Tudu, da Hausa sak. A nan na ga Abba yana ɗaga wuya yana nemanmu. Ya rame. Ya durƙusa ya gaishe mu, na amsa a taƙaice na kau da kai, ya karɓi kaya. Motar hayar gari suna ce mata toroto, kuma abin da ya fara ba ni mamaki shi ne layi. Mutane a jere, ba mai ture wani, ba mai shiga ta taga. Alhaji ya ce da a Ƙofar Wambai ne da tuni an tsage wa wani aljihu.

Nima kuwa lunguna ne, wani idan kika shiga kafaɗunki biyu na gogar bango. Ko'ina Hausa kike ji, amma wata iri, an gauraya ta da Turanci da yarukan ƙasar. Muna shiga gidan su Abba wata dattijuwa ta tare ni ta ce, “Kai ne maman Yusif? Sannu da zuwa, ka gaji.” Na waiwaya in ga namijin da take yi wa magana, ashe da ni take. A can mace ma kai ce, kuma ya zo, ya tafi. Da farko abin na sosa mini kunne, daga baya har ni ma na ji bakina na zamewa. Kuma kada ku ɗauka duk Hausawa ne. Akwai Dagomba, akwai Zabarmawa, akwai Mosi da Kotokoli da Wangarawa, Hausa ce ta haɗa su, salla ta ɗaure su.

Abba ya bar mini ɗakinsa, shi da Alhaji suka koma wurin wani abokinsa. Gidan ɗakuna ne a kewaye, kowane ɗaki da iyali, tsakar gida ɗaya. Wanka sai kin ɗauki bokiti kin fita lungu zuwa gidan wanka na unguwa, kin bi layi da mayafinki. Ranar farko na ji nauyi ƙwarai, na ce ni da ko a gidana ba na son a ga na nufi bayi. Da na ga hajiyoyi manya suna hira a layin ba wadda ta damu da wata, sai na saki jiki. Abin da ban iya sakin jiki da shi ba shi ne yadda matan gidan ke yi idan Abba ya shigo. Ni suna gaishe ni da mutunci, shi kuwa sai in ga uwa ta jawo ɗanta ta tura ɗaki. Wata har tofi take yi a ɓoye. Yana gani, yana yin kamar bai gani ba.

Abinci dai ban sha wahala ba. Da safe koko da ƙosai, kuma duk ƙasar, har waɗanda ba Musulmi ba, kokon Hausa suke ce masa, ya ji citta da kanumfari har yana shaƙe mutum. Akwai tuwon zafi da miyar ayoyo. Dokunu, wani tuwon masara da suke naɗewa a ganye, shi ne ya gagare ni, tsaminsa kamar an manta gasara a rana, ga barkono ɗanye da soyayyen kifi. Alhaji kuwa ya kama shi hannu bibbiyu.

Shi ya fara zuwa wurin baffannin yarinya, domin mahaifinta ya rasu tana ƙarama. Ya dawo yana shafa gemu. Ya ce sun karɓe shi da girma, sun yi dariyar goron, suka ce goro ya dawo gida. Amma da aka zo kan magana sai babbansu ya ce, sai abin da Hajiya ya ce. Hajiyar ita ce uwarsu, Hajiya Ajara, kakar Rahinatu. Shinkafa da wake take sayarwa a bakin titi, wadda suke kira waace, tun tana yarinya. Da tukunyar nan ta yi wa 'ya'ya karatu, ta je Makka, ta ɗora bene. Alhaji ya ce bai taɓa ganin inda maza masu furfura ke jiran bakin tsohuwa a maganar aure ba. Na ce a Kano ma haka ne, sai dai mu muna rufa muku asiri.

Na kira Abba na ce ba zan je gaban matar nan da abin da ban gani da idona ba, ya nuna mini komai. Ya ce wurin ba na manya ba ne. Na ce ai ba shawara na nema ba.

Bayan sallar asuba muka tsallaka wata gada a kan babban kwalbatin da ya raba Nima da Maamobi, muka isa wani tsohon siton masara. Mai siton Bazabarme ne, mutumin Doso, shi ya ba Abba izini, don ɓeraye sun addabe shi. Ya jingina mana tsani yana kallona da mamaki. Ku kun san yadda aka raine mu. Idan mujiya ta yi kuka a kan katanga, uwata barkono take zubawa a wuta, ta rungume jariri, wai tsuntsuwar kurwa take ɗauka. Da wannan tsoron na girma, kuma da shi na ɗaure zanina tamau na taka tsanin nan, Abba na riƙe da shi ta ƙasa, sannan ya biyo ni.

Tsakanin silin da kwano akwai duhu da zafi da wari. Da idona ya saba sai na gan ta a kan wani katako, fuskarta fara fat kamar an shafa alli, idanu baƙi wuluk. Ba ta kai kaza ba. A bayanta 'ya'ya biyu masu farin gashi kamar auduga suna huci irin na maciji. Ta dube ni, na dube ta. Na karanta Ayatul Kursiyyu har ƙarshe, ita kuwa ta karkata kai, ta matsa ta rufe 'ya'yanta. Ashe ita ce ke tsorona.

Abba ya sa safar hannu da takunkumi, ya ba ni nawa. Ya tsinci wasu baƙaƙen dunƙule kamar curin daddawa, ya kankari farin kashin tsuntsuwar a wata 'yar kwalba daban. Da muka sauko ya fasa dunƙule ɗaya a kan takarda. Gashi ne da ƙananan ƙasusuwa, har da ƙoƙon kan ɓera da haƙoransa. Ya ce mujiya haɗiye ɓera take yi ɗungurungum, abin da bai narke ba ta amayo shi, daga nan yake gane abin da ta ci. Abin da ke cikin baƙar ledar ke nan.

A hanyar jami'a, cikin toroto, ya yi mini bayanin sauran. Ya ce akwai wata ƙwayar halitta da ido ba ya gani, kamar kaska take, a jikin wani take rayuwa, sai dai ita ta ciki ce. Kuma gida biyu gare ta, ɗaya ba ya isarta.

“A hanjin mujiya take aure ta hayayyafa, Umma. Irinta ya fito cikin kashin mujiya, ya zuba a kan masara ko a ƙasa. Ɓera ya zo ya ci. Sai ta ratsa jikinsa ta shige tsokarsa, ta yi wa kanta jaka ta kwanta. Ba za ta iya komai ba kuma sai ranar da mujiya ta cinye ɓeran nan. Ranar ne za ta farka, a koma farko.”

Na ce idan mujiya ba ta ci shi ba fa, kyanwa ta riga ta? Ya ce to ita ƙwayar tata ta ƙare, domin cikin kyanwa ba gidanta ba ne. Na jinjina ikon Allah, yadda ya rataya rayuwar wannan 'yar mitsitsiya tsakanin maƙiya biyu. Na tambaye shi amfanin sanin. Ya ce ɓerayen nan a cikin abincin mutane suke kwana, dole a san abin da suke ɗauke da shi. Wannan dai ba a san tana kama mutum ba, amma sai an duba ake sani. Ya ce kuma gubar da ake zuba wa ɓera tana kashe mujiyar da ta ci shi, alhali ita ce mai gadin da ba a biya. Yana fatan wata rana a yi amfani da irin waɗannan ƙwayoyi a rage ɓera ba tare da guba ba, amma ya ce wannan fata ne, ba alkawari ba.

Ɗakin bincikensu fes yake, sanyi kamar asibiti. Ya yanko tsokar ɓera siririya, ya ɗora a gilashi, ya sa a ƙarƙashin madubin nan mai ƙara girman abu. Da farko gashin idona kawai nake gani. Da ya murɗa sai ga ta, doguwar jaka kwance a tsakanin zaren nama, cike maƙil da wasu abubuwa masu lanƙwasa kamar ƙananan ayaba. Na daɗe ban ɗago ba. Ina nan sai malamarsa ta shigo, farfesa ce, Kirista, gajeriya mai furfura. Da ta ji ko ni wace ce sai ta kama hannuna da nata biyu ta yi dogon Turanci. Abba ya fassara da cewa wai tana yi mini sannu da zuwa. Matar ta harare shi, ashe kusa da zango, unguwar Hausawa, ta girma a Kumasi. Ta ce da Hausarta, “Ƙarya ne. Na ce yaronka ya iya aiki, ba ya gajiya, ba ya ɓoye kuskure.” Na sunkuyar da kai na ce Allah ya saka da alheri.

Hajiya Ajara ta ba mu lokaci washegari bayan azahar, idan ta tashi daga kasuwa. Na same ta a barandarta, doguwa, baƙa, da tabon ƙuna a hannu, tana wanke wani jan ganye. Na gane shi, karan dafi ne, ashe shi ke ba shinkafarsu launi. Muka ɗan taɓa hira a kan haka. Abba ya tsuguna daga bakin ƙofa. Surukanta mata da maƙwabta sun cika wurin, kowa ta sami abin yi a kusa.

Ta ce, “Maman Yusif, ka zo daga nesa, ba zan ɓoye maka ba. Ni ban ƙi yaronka ba. Amma na taɓa gani.” Sai ta ba ni labarin 'yar maƙwabciyarta da aka aurar wa wani saurayi mai ladabi, mai salla a sahun gaba, mai mota. Ashe ɗan sakawa ne. Akwai ɗakin da ya hana matar shiga. Ƙarshenta shi ya haukace, yarinyar ta dawo gida ba ta magana, har yau ba ta koma daidai ba. Ta ce Rahinatu amana ce a hannunta, uban yarinyar na kabari, me za ta ce masa gobe?

Ban ga laifinta ba, ni ma da haka zan yi. Amma kun san al'adarmu, uwa ba ta yabon ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta tsaya masa a gaban mutane. Tun da na haife shi ban taɓa ba. Na duba, Alhaji na waje wurin maza, uban yaro na ƙasa, babu wani bakin sai nawa. Na ce, “Hajiya, yaron nan ɗana ne, ni na haife shi, ni na raine shi. Ban zo in ce miki na yarda da shi don nawa ne ba. Jiya na hau rufin da kaina.”

Na ba su labarin tsani da mujiya da 'ya'yanta, da dunƙulen gashi da ƙashi, da jakar da na gani a madubi. Na ce ƙwayar a cikin mujiya take haihuwa, irinta ya fito cikin aman nan da take yi, ɓera ya ci, ta kwanta a namansa tana jiran mujiya. Na ce ɓerayen cikin kula ba na tsafi ba ne, na yanka ne a duba, kamar yadda jikarta ke ɗibar jinin mara lafiya a kai ɗakin gwaji. Na ce duk mai shakka ta zo gobe in raka ta, tsanin na nan. Wata daga baya ta ce a'uzubillahi, aka yi dariya.

Hajiya Ajara ba ta yi dariya ba. Ta tsame hannu daga ruwa, ta yafito Abba, ya matso ya durƙusa. Ta ce ta ji, daga mujiya zuwa ɓera, daga ɓera zuwa mujiya. To a ina abin ya fara? Wa ya fara ba wani?

Na so ya kawo wata amsa mai nauyi, ko da Turanci ne. Sai ya ce, “Ban sani ba, Hajiya. Malamata ma ba ta sani ba. Akwai masu hasashe, amma ni ban gani ba.”

Tsohuwar ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta juyo gare ni. Ta ce tun tana yarinya take sayar da abinci a bakin titi, babu irin wanda bai ci daga tukunyarta ba, bokaye da malaman tsibbu da masu wa'azin coci da 'yan sakawa. Kowannensu ka tambaye shi ko me ke bayan sama zai gaya maka. “Ban taɓa jin ɗaya ya ce ban sani ba.” Ta share hannu a zani, ta ce sharaɗinta biyu ne. Kular nan ba za ta shiga ɗakin jikarta ba, kuma ya wanke hannu da sabulu a gabanta kafin ya taɓa abincinta. Sai ta ɗaga murya ta ce Rahinatu ya kawo wa baƙi abinci.

A nan na fara ganin yarinyar. Ta fito da tire, idanunta sun yi ja, da alama tana bayan labule tun farko. Ta durƙusa har ƙasa ta ce, Mama sannu da zuwa. Shinkafar da waken ta zo da taliya da garin rogo da dafaffen ƙwai da wani baƙin yaji mai kifi da suke kira shito, duk a faranti ɗaya. Da a gida ne da na ce wannan kwamacala ce. Na cinye tas.

Washegari duk wanda ya bi layin abincin Hajiya Ajara sai da ya ji labarin, kuma kafin azahar ya zaga Nima ya tsallaka Maamobi, an ƙara masa gishiri. Har aka ce wai na kama mujiyar da hannu. Maza suka zauna, aka karɓi goron Alhaji a karo na biyu, aka sa rana bayan Babbar Salla. Ba zan ce kowa ya sauko ba. Akwai baffan Rahinatu ɗaya da har muka taho bai ba Abba hannu ba, mai gidan hayar ma bai janye maganarsa ba, sai dai dama ɗakin ya yi wa mai iyali kaɗan. Amma matan gidan sun daina jan 'ya'yansu, ɗaya ma ta kawo masa kazarta mai mura ya duba.

Ranar komowa Abba ya raka mu Tudu. Alhaji ya tafi neman dokunun da zai yi guzuri, na shiga mota na zauna a bakin taga, Abba na tsaye a waje. Ya yi ta murza hannu, sannan ya matso ya rage murya.

“Umma, bayanin da kika yi ya fi nawa. Sai dai wuri ɗaya. Ba a cikin aman irin yake fita ba, a cikin kashin ne.”

Na tuna 'yar kwalbar da ya kankara daban. Na ce to me ya hana shi gyara mini a can, ya bar ni na faɗi ba daidai ba a gaban mata cike da baranda, shi da aka yabe shi da rashin ɓoye kuskure? Ya ce ai ya koma da yamma ya gaya wa Hajiya Ajara, ita kaɗai, don kada ta riƙe abin da ba haka ba.

“Amma a lokacin, Umma, kina tsaye kina cewa ni ɗanki ne. Ba zan katse ki ba.”

Na ce ya je ya nemo baffansa kada mota ta tashi. Ya juya ya shiga cikin taron, na bi bayansa da kallo har ya ɓace, sannan na jawo bakin mayafina.